Ni na zuba wa waken magani, Kawuna zai rantse ba a zuba ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana. Ku kuma jama'a don Allah ku ba ni shawara, kwana uku kacal suka rage mini.

Ni ɗan wani ƙauye ne a gefen Mai'adua, ƙasar Daura. Muna da ƙungiyar manoman wake, ƙanin mahaifiyata ne shugaba, bari in kira shi Kawu kawai. Shi ya riƙe ni tun rasuwar babana, shi ya yi mini aure, kuma da aka gina sito shi ya tashi a gaban mutane ya ce a ba ni makulli, wai ya san tarbiyyar da ya yi.

Bara wata ƙungiyar duniya mai tallafa wa yankunan ciniki maras shinge, wato wuraren da kamfanoni ke sarrafa kaya su fitar ƙasashen waje, ta haɗa mu da wani kamfani da ke irin wannan yankin. Zai riƙa ɗaukar wakenmu kai tsaye, mu huta da 'yan sari da ke taya mana kaya yadda suka ga dama ranar kasuwa. Sharaɗinsu guda ne, kada maganin ƙwari ya taɓa waken bayan girbi. Suka kawo mana buhu mai leda biyu a ciki, suka koya mana ɗauri, suka ce in iska ba ta shiga ƙwaron da kansa zai mutu. A raina na ce waɗannan ba su san ƙwarin ƙasar Hausa ba.

Wata biyu da ajiya na buɗe sito na tarar ɓera ya huda wasu buhuna na layin ƙasa, na sa hannu na ɗebo, sai ga ƙwari suna yawo a tafina. Wallahi waken nan guminmu ne duka, har da na matan da mazansu suka rasu. Maimakon in kira Kawu sai na hau mashin na tafi Daura na sayo maganin ƙwari fiya-fiya, na yi abin da na tashi na ga kowa na yi, na yayyafa, na sake buhu na ɗaure. Don tsoro har da buhunan da lafiyarsu lau sai da na kwance na zuba. Na bar ƙofa a buɗe kwana biyu wari ya fita, na yi shiru da bakina. Garin neman gira na rasa ido.

To ranar Alhamis ɗin nan jami'an ƙungiyar duniyar nan za su zo da mutanen kamfani su ɗebi samfur, sannan a yi lodi. Akwai fom da shugaba zai sa hannu, amma Kawu ya ce su takarda suka sani, mu Alƙur'ani muka sani, don haka zai yi alwala ya dafa a gaban dagaci da liman ya rantse magani bai taɓa waken nan ba, kowa ya shaida. Ba wanda ya tilasta shi, shi ya ɗora wa kansa, saboda ya yarda da ni.

Na gaya wa matata, muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ita tana ganin in ja bakina, wai wata uku sun wuce maganin ya huce, wa zai gane, kuma in na faɗa da wace fuska za ta shiga gidan suna a garin nan. Na ce mata an gaya mana a horo cewa na'urarsu na ganowa ko babu wari, in suka gano za su cire sunan ƙungiyarmu gaba ɗaya, wake ɗaya ya ɓata gari. Ta ce to in na faɗa ma ai cirewar za a yi. Tun ranar ba ta sake dafa wake a gidan ba.

Ni ba cirewar ce ta fi tsorata ni ba. Dattijo ne mai ciwon hawan jini zai ɗora hannu a kan Littafin Allah ya rantse a kan ƙaryata. Mun ga yadda masu rantsuwar ƙarya ke ƙarewa, ko da shi bai sani ba ni ai na sani. Ga mutanen da za su ci waken, ban san su ba amma su ma 'ya'yan wasu ne.

Jiya bayan la'asar ya tsaya da ni a ƙofar masallaci, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan nan, ni ban shiga siton nan ba tun kaka, idonka ne idona. Babu komai ko?"

Na ce, "Babu komai, Kawu."

Ya ce, "Alhamdu lillahi, to zan rantse da zuciya ɗaya."

Jama'a ya zan yi? In same shi shi kaɗai, ko in fara zuwa wajen liman ya raka ni? Akwai wanda ya san ko irin waɗannan ƙungiyoyin na sassauta wa wanda ya faɗi gaskiya da bakinsa kafin gwaji? Ku zage ni in kun ga dama, na cancanta, amma ku gaya mini da wace kalma zan fara, kafin ya yi alwalar nan ranar Alhamis.