Gizo-gizon da Aka Sa wa Sunan Tsuntsu

Zinder, 3 ga Janairu

Yaya Ramlatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ku da Baba kuna lafiya.

Ina nan ina shara a lekol, makarantar nan da kika sani. Jiya ina goge kabad na ga hoton wani ƙaton gizo-gizo mai gashi, an rubuta Avicularia. Mushe Bukar, malamin kimiyya, ya ce a bishiyoyin Amurka ta Kudu yake zama, sunan kuma daga Latin ne, wai "ɗan tsuntsu". Shekara ɗari uku da suka wuce wata mai zane ta zana shi yana cin tsuntsu, shi ke nan suna ya bi shi. Alhali yawancin abincinsa ƙwari ne.

Yaya, sai na ga ai labarina ne. Sau ɗaya na sa wuta don in kori rina, dabinon Baba bakwai suka ƙone. Shekara huɗu ke nan ban taka Gidimuni ba, kuma ko a nan duk ɗan garinmu da ya gan ni a tasha sai ya ce "Ƙona-Dabino". Na gaji. Ki roƙar mini Baba in dawo.

Ƙanenki, Illa

Gidimuni, 15 ga Janairu

Illa,

Muna lafiya. Kai da ko rina ba ka iya kora ba, yau ka zama malamin gizo-gizo!

Ban yi wa Baba maganar ba. Ko sunanka aka ambata sai ya tashi ya bar wurin. Dabinon da suka rage sun fitar da fure, gwiwarsa ta hana shi hawa ya ɗaura musu furen namiji, kuma ya rantse baƙo ba zai taɓa su ba. In mako biyu suka wuce, bana babu 'ya'ya. Ka yi haƙuri, kada ka zo.

Ramlatu

Zinder, 18 ga Janairu

Yaya,

Na gode. Ki karanta masa wasiƙar farko kawai. In ya tashi, ba zan sake tambaya ba.

Illa

Gidimuni, 22 ga Janairu

Illa,

Na karanta. Bai tashi ba. Da na gama sai ya ce, "To shi gizon, da aka ɓata masa suna, ya daina hawa bishiya ne?"

Bai ce ka zo ba. Amma da safe na ga igiyarka ta hawan dabino, wadda ya ɓoye tun ranar gobarar, a rataye a zaure.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ramlatu