Na Ɗaga Hannu a Gaban Surukina

Kafanchan, daren Talata, watan Yuni, 1977

Yau majalisar ƙaramar hukuma ta yi muhawara a kan gada guda: a rafinmu za a gina ta, inda damina take hana mu kai citta kasuwa, ko a ƙauyen surukina, Baba Yohanna, wanda shi ma kansila ne. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa musa masa ba. Amma wakilcin jama'a ba ƙaramin nauyi ba ne. Da ciyaman ya ce masu goyon bayan rafinmu su ɗaga hannu, na ɗaga, idona a ƙasa. Muka rinjaya.

A bakin ƙofa na rusuna zan karɓi kekensa kamar kullum. Ya ce, "Bar shi, ranka ya daɗe. Hannun nan ya gaji yau."

Har yanzu ban faɗa wa matata ba.