Saura Tubali Biyu

Zuwa ga Yaya Lawali, a duk ramin zinarin da kake, can gaba da Agadas.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina yi maka barka da aiki, barka da haƙurin zama ƙasar mutane. Mutanen Tozai suna lafiya. An yanke gero, dawa ta kusa. Jakinka yana nan, har yau ba ya son ganina, kuma yana da gaskiya.

Damina biyu ke nan lambarka ba ta shiga. Shi ya sa na aje wasiƙar ga a fili inda jama'a ke karantawa, ko Allah ya sa wani mai haƙa kusa da kai ya gani ya karanta maka.

Za ni fara da laifina, don kar ka ji shi a bakin wani. Na buɗe akwatinka. Tsohuwar kwamfutar nan da ka ɗauko daga Burkusuma ɗaure a bayan babur cikin buhun taki, mai tsaga a kusurwar gilashi, mai rubutu da Faransanci, ta shigo hannuna. Na san ka hana. Ina tune da abin da kake ce mani duk lokacin da na leƙo ta kafaɗarka: "Sani, wasan ga ba na mai rawar kai ba ne. Ranar da ka yi Juma'a guda ba ka ɓoye takalmin kowa ba, zo in koya maka." Ban kai ga wannan Juma'ar ba ka tafi.

Tun da babu malam, na koya wa kaina. Bari in biya maka karatun kamar yadda muke biya wa Malam allo da safe. In da gyara, ka gyara mani.

Da farko a kai ta shagon caji ta ƙoshi, don cikinta ba ya riƙe wuta fiye da tsakanin azahar da la'asar. In ta buɗe ido, a danna ɗan hoton katanga. Baƙin fili zai bayyana. A sama ga tubala sahu shida, kore a ƙasa, sai rawaya, sai ja a can ƙoli. A gindin filin ga ɗan katako kwance, da 'yar farar ƙwallo zaune a kansa, ba ta fi ƙwayar dawa ba. Yatsu biyu ne ke aiki, ɗaya kan kibiyar hagu, ɗaya kan ta dama. Dogon madannin nan na ƙasa shi ke sakin ƙwallo. Ta tashi, ta taɓa tubali, ya ce tik ya ɓace, maki goma ya ƙaru, ta juyo. Aikin mutum ya tare ta da katako ta sake komawa. In ta wuce ta faɗa ƙasa, rai guda ya tafi. Rai uku ake ba kowa, ba a roƙon ƙari.

Mako na farko na ƙare shi ina bin ƙwallo a guje, tana yi mani dariya. Sai na tuna yadda kake kama akuyar Inna in ta ɓalle. Ba ka bin ta. Zuwa kake ka tsaya a ɓarakar danga ka jira. Haka ƙwallon take. A dubi inda ta nufa, a riga ta zuwa, a tsaya.

Darasi na biyu, katakon ba duka ɗaya ba ne. In ta sauka a tsakiyarsa, miƙewa take sama sak. In ta sauka a baki, sai ta tafi a karkace, kuma da haka ake aika ta inda ake so. Na uku, da ta taɓa jan sahu haukacewa take, gudunta ya ninka. A lokacin ba a duban maki, ba a amsa sallama, kuma ba a barin kowa ya tauna ƙuliƙuli kusa da kunne.

Ranar da na fara cinye katanga duka, Yaya, sai da na ja da baya. Kafin in ƙifta ido wata sabuwa ta tsaya a wurin, ba karkata, ba tsaga. Na tuna ka a bakin gulbi da rani, kana kwaɓa ƙasa da ƙafa tun asuba, kana dunƙula tubali ɗaya ɗaya, kana jiran rana ta busar, sai an yi wata kafin ɗaki guda ya tashi. Na tuna ranar da ka kai ni Alkalawa ka nuna mani tudun da anka ce ganuwa ce a da, ka ce tun da ta faɗi ba ta sake tashi ba. Ga shi nan a kan cinyata katanga tana faɗuwa tana tashi. Na ce Subhanallahi. Wanda ya tsara abin ga ɗan Adam ne kamarmu, mai jin yunwa, mai yin mura? Ya zauna a wata ƙasa da ban san sunanta ba ya gaya wa ƙwallo yadda za ta juya, ga ta a Tozai tana bin umarninsa ko bayan ba ya nan. In wannan ne ɗan ilimin da anka ɗiba wa bawa, to ina ga Mai shi?

Amma akwai abin da ka ɓoye, kuma na gano. Da can nakan gan ka ka naɗe hannu a ƙirji kana tsakiyar wasa, kwamfuta tana ta tik tik tik ita kaɗai, ina cewa a raina Yaya ya cika nuna isa. Ashe rami kake haƙawa. A yi ta aika ƙwallo gefe guda, wuri guda, har a huda katangar daga ƙasa zuwa ƙoli. In ta bi ramin ta faɗa bayan katanga, shi ke nan. Tsakanin rufi da tubala take ta tsalle tana cin su daga sama, da sauri kamar ƙanƙara a kan kwano, babu mai taɓa ta. Ranar da ta fara yi mani haka sai na ɗauke yatsuna. Na naɗe hannu ni ma. Na ga abin da kake gani.

Daga nan ne ɓarnar ta fara.

Ka san in rai na uku ya tafi, sunaye biyar ke fitowa, mai babban maki a sama. Da na buɗe ta, duka biyar LAWALI ne. Da na iya haƙa rami sai na fara wuce ka, ta ba ni wuri in rubuta nawa. Na rubuta SANI na hau kanka. Na yi rawa a tsakar gida. Na sake, na sake. Duk hawan da na yi, naka su sauka mataki guda, na ƙarshe ya fice ta ƙasa. Ban damu ba. Na ɗauka bayan gilashin suke komawa, kamar yadda in fuskar allo ta cika ake juya shi a sami rubutu a baya.

Ka san Inna da kunyar ɗan fari. Tun da nake ban taɓa jin sunanka a bakinta ba. Kai ne "wancan", kai ne "yayanku". In ka shigo ka gaishe ta, kai take kawarwa ta amsa wa bango. Tun tafiyarka ko sau ɗaya ba ta tambaye ka ba. In baƙo ya zo daga arewa, mu ne ke tambaya, ita sai ta ƙara wa dakanta ƙarfi a bayan zana. To, ni da hali. Wata rana na kai mata kwamfutar har bakin murhu na nuna mata da yatsa, na ce ta gaya mani sunan wa ke nan in ta isa. Ludayi ta jefo mani, ya same ni a kunne.

Ban san ta riƙe siffar rubutun ba. Inna da ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, kallo guda ta yi masa ta haddace. Bayan nan duk lokacin da na ƙare wasa sai wani aiki ya biyo da ita ta bayana. Yau tsintsiya, gobe neman kaza. Rannan ta tsaya, ba ta dube ni ba, ta ce: "Dogayen nan biyar ne da. Ina sauran sunka tahi?"

Na ce suna baya. Ta ce in juyo mata su.

Na danna duk abin da ke dannuwa, ba su fito ba. Na kai wa Hashimu mai caji, ya duba ya ce babu wani baya, wanda ya fice ya fice. Ya ƙara da cewa tsohuwa ce, kar in kuskura in kashe ta ana tsakiyar wasa, takan manta komai. Na dawo na ƙirga. SANI huɗu a sama, kai ɗaya tal a ƙasa, wanda ka rubuta da yatsanka ana gobe za ka tafi. Na gaya wa Inna gaskiya. Ta ci gaba da tsince wake.

Na yi niyyar bari, Allah ya sani. Kwana tara na yi. A na goma, bayan azahar, hannuna ya dame ni. Na ce za ni taɓa kaɗan, in na ga na doshi makinka in saki ƙwallo ta faɗi. Na zauna gindin rumbu. Rai guda ya tafi da wuri, na ce madalla. Sai dai yatsu sun riga sun saba. Ban ankara ba na huda gefen hagu, ƙwallo ta bi ramin ta haye.

Tik tik tik tik.

Na ɗauke hannu, amma ɗauke hannu ba ya tsayar da ita. Abin da ke sa ni kabbara da, shi ne yau ke cin ka a gabana. Maki yana hawa. Ba dama in kashe, ba dama in taɓa ta, tana can inda katako ba ya kai. Inna tana bakace a ƙofar ɗaki. Ashe ta san ƙarar. Ta lura duk ranar da ta ji wannan ruwan tik tik, dogon suna guda ke ɓacewa. Na ji faifai ya tsaya. Na ji inuwarta a kaina.

Sai ta ce: "Sani, kar ta ci mani Lawali."

Yaya, da kunnena na ji.

Ban san ko ƙwallon ma ta ji ba. Ta ƙara cin huɗu ko biyar, ta sami ɓaraka a tsakiya, ta sulluɓo. Na ja katako can ƙarshen dama na bar mata hanya ta faɗi. Na duba maki. Saura tubali uku in kamo ka. Ga rai guda ya rage, wasa kuma ba ya ƙarewa sai shi ma ran ya tafi, kuma duk ƙwallon da anka saki sai ta ci wani abu kafin ta dawo. Katangar duk huji ce, tana iya sake hayewa. Na matsa da katako ƙarƙashin wani koren tubali da ya rage shi kaɗai a sahun ƙasa, na yi bisimilla, na danna. Ta tashi, ta ce tik, ta juyo. Na kauce.

Sunaye sunka fito. Kana nan a na biyar. Saura tubali biyu.

Da na ɗaga kai, Inna ta riga ta rufe baki da gefen zane. Ta koma ga faifanta, ta hau kaza da faɗa, kazar da ba ta yi komai ba. Ka san ni. Da wani abu ne daban, shekara za ni yi ina tsokanarta, sai an ji a kasuwar Isa. Har yau ban ce mata uffan ba.

Abin da ya tsaya mani a rai shi ne yadda ta faɗe shi. Ba ta yi tuntuɓe ba, ba ta lalube shi ba kamar kalmar da baki bai saba da ita ba. Sumul ya fito, ta ɗan ja ƙarshensa, irin fitar ayar da mutum ya daɗe yana maimaitawa shi kaɗai. Shekara ashirin da bakwai tana riƙe da shi a bayan haƙora. Na yi mamakin katanga mai tashi da kanta, na yi mamakin ƙwallo mai wasa ba hannu, amma duka ba su kai wanga ba.

Yanzu kwamfutar tana ɗakinta, naɗe cikin zanen da ba ta ɗaurawa sai da salla. Ran Juma'a nakan kai ta caji, in dawo in buɗe wurin sunaye ba tare da na saki ƙwallo ba, in aje a kan tabarma in fita kamar an kira ni. In na dawo na tarar an rufe.

Na yi tunanin in ci wasa huɗu in rubuta LAWALI a kowane, su koma biyar yadda suke. Na fasa. Yatsana ne zai rubuta, kuma matar da ta gane ƙarar ƙwallo ba za ta kasa gane wannan ba.

Sai dai ka sani, tsagar gilashin tana ƙara tsawo, ƙasa ta nufa, wajen da kake. Hashimu ya ce ba ta da gyara. Ban san ko za ta ga wata daminar ba. Ba mu ce ka zo da zinari ba. Ka ari wayar wani ka turo murya, ko ta gaisuwa ce kawai. Za ni kunna ta a tsakar gida da ƙarfi, in yi kamar don kaina na kunna, ita kuma ta yi kamar tana shara.

Allah ya tsare ka a cikin rami da wajensa. Allah ya riƙe ƙasar da ke bisa kanka, ya ba ka ruwa mai sanyi da abokan zama na ƙwarai. In kana da lafiya ya ƙara maka, in kana kwance ya tashe ka, in an tsare ka ya buɗe maka ƙofa. Allah ya dawo da kai gidan ga da ƙafarka, ka durƙusa ka gaishe ta, ta kau da kai ta amsa wa bango, ta ce da mu a kawo wa wancan ruwa.

Amin summa amin.

Ƙanenka,
Sani