Aninin Mai Tsaga Uku

Daren Alhamis, Ƙaura

Yau aka raɗa wa jikata suna, murna ta hana ni zama. Da baƙi suka watse, na sa tabarau na duba tsohon aninin da na sayo a kasuwar Shinkafi, wanda aka ce kuskuren inji ne. Amma kuskuren inji sumul yake fita. Tsaga ukun nan da wuƙa aka yi su.

Haka Inna ta tsaga wanda ta ɗaura wa ƙanena Sani. Ranar da ya rasu, a gabana ta jefa shi rijiyarmu ta Dauran.

Hajiya ta ce, "Malam, kawo aninin a ɗaura wa amaryarka jaririya."

Na ce sai gobe. Na kife shi da kwano a zaure. Wa ya shiga rijiyar nan?