Azumin bana ban aiko da sukari ba

Aba, cikin watan Sha'aban

Gumsuta, inuwar dalbejiyata a tsakar rana, ƙamshin ruwan farko a kan rairayin unguwar Shehuri, sanyin da nake nema ban samu ba a garin nan mai ruwa kullum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya gaji da komai ban da ke.

Tun da aka katse layukan waya a Borno ban ji muryarki ba, sai ga Ba'ana direba ya sauke buhunan wake ya miƙo min takardarki. Na karanta ta a tsaye. Kin ce in aiko a karɓi kayan gaisuwata. Kin ce ciwon sukari ya cinye idon mahaifiyarki Ya Gana, ya cinye ƙafar mahaifina kafin ya kai shi kabari, don haka ba za ki haɗa jini biyu masu ciwo ɗaya ki haifi 'ya'yan da za su gaje shi ta gaba da ta baya ba.

Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Bam ya kore ni daga rumfata, shingayen hanya sun raba ni da ke shekara biyu, duk na jure, sai kuma a ce abin da zai ƙwace min ke yana cikin jinina? Amma da fushin ya sauka na ga ba ki yi wauta ba. Ke ce kike riƙe hannun Ya Gana zuwa banɗaki. Ke ce kike zaga gari neman maganinta kafin dokar hana fita ta kama. Wadda ta ga wannan tana da ikon jin tsoro.

Shi ya sa ban ba ki amsa da ka ba. Na je an ɗebi jinina. Likitar, wata dattijuwa ce mai suna Philomena, ta zaunar da ni ta yi min bayani ba tare da lallashi ba. Ta ce gaskiya ne ana gadon saurin kamuwa, kuma idan uwa da uba duk daga gidan ciwon suke, haɗarin ya fi yawa. Amma ta ce abin da ake gada ba ciwon ba ne kai tsaye, kuma ba abu ɗaya ba ne, ƙananan abubuwa ne barkatai, kowane ɗa da rabon da ya ɗiba. Dubi yayana Umara: uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya kamu yana da shekara arba'in, ni kuwa jinina lafiya lau ya zuwa yau. Sauran, in ji likitar, yana ga tumbi da zama wuri ɗaya da abin da ake zubawa a kofi. Alkawarin ba zan kamu ba, ba ta yi min ba, ni ma ba zan yi miki ba. Amma ciwon da ya faɗa wa iyayenmu ba su san shi ba, mu zai same mu a tsaye muna kallon hanya.

Akwai laifina a nan, kuma shi ya fi ci min rai. Azumi uku ina aiko da katan ɗin sukari gidanku, yadda kowane mai neman aure yake yi, ina taƙama nawa ya fi na kowa a layinku. Sai a takardarki na ji Ya Gana tana sa a zuba mata a shayi don kada a ce ta raina kyautar suruki. Kunya ta hana kowa gaya min, ni kuma ban tambaya ba. Ki roƙa min gafararta. Bana Ba'ana zai kawo acca da wake da busasshen kifi, maƙwabta su yi dariyarsu.

Kin tuna yammacin da muka zauna a ƙofar gidanku, kogin Ngadda ya cika har ana jin sanyinsa a unguwa, kika kawo min shayi kika jefa sukari ƙwaya uku kina cewa bakina ya cika ɗaci? Wane zaƙi ne a kofin nan da ya kai kallon da kika yi min? Wata biyu ke nan ina shan shayina gaya, wallahi ban mutu ba. Na kuma daina hawa babur zuwa kasuwa, ƙafa nake takawa.

Ya hasken asubata, ba zan aiko kowa ya karɓi kayan nan ba. Bayan sallah zan biyo hanyar Damaturu da kaina, ko shinge ɗari ne, in zauna a tabarmar nan ta ƙofar gida. Ba sai kin ce komai ba. In har kina kan bakanki, ki jefa min ukun nan yadda kika saba. Zan shanye, in yi wa Ya Gana sallama, ba kuma za ki ji mugun zance daga bakina ba har abada. In kuwa kin yarda mu tari abin nan tare, mu koya wa 'ya'yanmu tun suna ƙanana, ki kawo min shi gaya.

Na san hannunki, Gumsu. Ina ji a jikina ɗaci zan sha, kuma ban taɓa ɗokin wani abu kamarsa ba.

Naki, da lafiya ko da ciwo, muddin ina numfashi,
Hashim