Maraƙin da Aka Ƙi Mayarwa

Zuwa ga ƙanena Orrin,

Gaisuwa mai tarin yawa daga yayarka, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Loretta da yara. Allah ya raba ku da sharrin sanyin Alaska, ya tsare ka a jirgin kamun kifin nan da ba na son tunawa da shi. Mu nan Dunmore sai godiya. Gwiwar mijina Walt ta yi sauƙi, har ya koma hawa doki ba da sanin likita ba. Ni dai na zuba masa ido, wanda bai ji bari ba zai ji hoho.

Auta, abin da ya sa na ɗauki biro, na ga wani abu da idona wanda har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ka san bara muka kaɗa ƙuri'a muka ɓalle daga gundumar makarantun Merritt, saboda sun ƙudura rufe makarantarmu su riƙa kwasar yaranmu a bas ta kan dutse, har lokacin ƙanƙara. Mun yi ta murna, ashe an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Da aka ja iyaka, masana'antar siminti da manyan kantuna suka faɗa ɓangarensu, harajinsu ya bi su. Mu aka bar mu da gonaki da rufi mai yoyo. Ga dokar jiha ta ce dole mu naɗa shugaban makarantu mai takardar shaida kafin a koma karatu, in ba haka ba a mayar da mu hannun Merritt, a sa wa makarantar kwaɗo. Ni kuma dogon bakina ya jawo mini shugabancin kwamitin makarantar.

Duk wanda ya nemi aikin, da ya ga asusunmu sai ya tuna matarsa ba ta son zaman ƙauye. Ta ƙarshe ita ce Dokta Marisela Quiroga, wata 'yar siririyar mata mai furfura da ta riƙe makarantu a birni. Ta tuƙo mota da kanta ta zo ta ce mini ba za ta karɓa ba, wai kunya take ji ta faɗa ta waya. Ta ce in aka biya ta albashi sai an sallami malamai, ita kuwa ba ta yi karatu don ta zama wuƙa ba. Gaskiya kuwa ta faɗa. Ranar Laraba ce, ranar kasuwar shanu, sai na ja ta ɗakin cin abincin gidan gwanjo, kada a ce baƙuwa ta bar garinmu da yunwa.

Muna tsakar ci aka ce mu leƙo fili. Ka tuna Lyle Brandvold, wanda ko gishiri ba ya ba maƙwabci aro? Shi ya fi kowa yaƙar rabuwar nan, ga shi ba ɗa ba jika. To shi ne ya koro wani baƙin maraƙi, ya sa mai gwanjo ya yi shela cewa na makaranta ne. Ya ƙara da cewa tunda Verna, wato ni ke nan, ta jefa kanta rijiya da bakinta, gara a ciro ta, don in ta mutu a ciki ruwan ma ba zai shawu ba. Aka kwashe da dariya, ni kuwa na ce Allah ya isa, amma a hankali na faɗa.

Ka san yadda ake yi in gobara ta ci gidan mutum: ka saya, ka biya, ka ce a mayar, a sake sayarwa, kuɗin duka a ba shi. Ban taɓa ganin an yi wa makaranta ba. Wallahi Orrin, maraƙin nan ya zaga fili har ya gaji ya kwanta, ana ta sayen sa yana kwance. Tsohuwa Ardith, wadda mijinta ya rasu bara, ta saya ta mayar. Fataken shanu da ba su san sunan garinmu ba suka saya. Har mutanen Merritt, waɗanda muka yi wata da watanni ba ma gaisawa a coci, suka ɗaga hannu. Ɗayansu ya ce rigimar ta manya ce, yara ba su zagi kowa ba.

Can sai Dokta ta ɗaga hannu, aka sallama mata. Mai gwanjo ya tsaya yana jiran ta ce a mayar, ita kuwa ba ta faɗa ba. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na zungure ta na raɗa mata al'adar, ta ce ta gane sarai, ba za ta mayar ba ne. Sai ta miƙe ta tambaya wa ke da makiyaya kusa da makaranta, don ita ba ta san kiwo ba, kuma za ta so ta riƙa duba shi kowace safiya kafin ta shiga ofis. Sai da aka ɗan jima kafin maganar ta shige mu, ashe ta karɓi aikin ke nan. Lyle ya cire hula ya ce a kuɗin da ta saye shi, lalle ba ta san shanu ba, Allah dai ya sa ta san makaranta.

Ba zan ruɗe ka ba, abin da aka tara shekara ɗaya zai riƙe mu, kuma da bazara akwai ƙuri'ar ƙarin haraji da ban san yadda za ta kaya ba. Amma ba a sallami malami ko ɗaya ba. Ranar Litinin ina kicin na ji ƙararrawar makaranta ta kaɗa, na ajiye cokali na yi kuka mai isata, ban ji kunyar Walt ba.

Ka gaida Loretta da kyau, ka shafa mini kan Petra da ƙaramin Anders. Walt da Gwaggo Ilse suna gaishe ku. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka mai dogon baki,
Verna