Inna, Na Ce Masu Ni Kaɗai Ce

Da sunan Allah Mai rahama. Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi, wadda ke kwance gabas da gari. Gaisuwa da ladabi irin na ɗiya ga uwa, da fatan Allah shi sanyaya makwancinki. Bayan haka:

Na san takarda ba ta kaiwa inda kike. Amma gidan nan yanzu babu wanda zan yi wa magana sai kaji, shi ya sa na jiƙa tawadar allo don in gaya miki abin da na yi. Mutanen gari sun ce ni na hana su rijiya.

Kin bar garin nan cike, shekarar da anka ba ƙasa mulkin kai. Ba ki ga abin da ya biyo baya ba. Duk abin da anka gina, Yamai, babban birni, anka gina shi: hanya mai kwalta, babbar lakwal ta karatun boko, gidan likita, aikin albashi. Mu nan Kurfai, tuta ce ta iso mu. Samari sunka fara tafiya da rani suna komowa da ruwan farko. Sannan fari ya zo shekara bisa shekara, shanu sunka ƙare, wanda ya tafi sai dai shi aiko a kai masa mata da ɗiya. Jikanki Sale, ɗana, yana Yamai yana dako a kasuwa. Ƙanensa Hamidu ya wuce Kurmi, can ƙasashen kudu, damina uku ba labari. Malam, mijina, ya rasu cikin yunwar.

Da ruwa ya komo, sai saƙo ya zo daga hukuma a Filinge cewa za a gina rijiyar siminti guda, ko a garinmu ko a ƙauyen bakin hanyar Yamai. Wanda ya fi mutane shi za a ba. Kin san tsohuwar rijiyarmu. Yanzu yashi ke rufta mata, hantsi guda ake yi kafin a cika tulu biyu.

Mai gari ya tara mu ya ce, “In mai ƙidaya ya zo, duk wanda anka binne cibiyarsa a gidanku ku faɗe shi. Ɗan gida ɗan gida ne, ko yana bayan teku.” Kowa ya ce haka ne. Kuma Inna, ba zan ɗora masu ƙarya ba. Haka muke lissafin mutum tun kakanni: ɗakinsa na nan, kason gonarsa na nan, to yana nan.

Sai na tuna da ke. Zamanin Nasara, da anka zo ƙidaya saboda kuɗin kai, kin tura Yaya cikin rumbu kinka rantse ba ki da namiji babba. Da sunka tafi kinka yi azumi uku, ba ki kalli idon kowa ba. Ina ƙarama na tambaye ki, kinka ce, “Hawa, na tsirar da ɗa, amma bakina ya yi ɗaci. Ke kar ki koya.” Dā ɓoye mutane ake yi, Inna. Yanzu aro muke nema.

Biba ba ta manta da wannan ba. Kin san ta, ƙawata tun muna ɗaukar allo, bakinta bai canza ba. Ta leƙo ta kan danga ta ce, “Malama, na ga kina ta jan tasbaha. Ki faɗi goma kawai, ki yi azumi uku irin na uwarki, ni zan dama miki kunun buɗa baki har da tsamiya.” Munka yi dariya. Na ɗauka zan iya.

Mai ƙidayar mutum ne mai sanyin murya, Hausarsa da harshen Zabarma. Ya riga ya bi gida bakwai kafin namu. Da ya tambaye ni ɗiya nawa gare ni, da na samu mafita. Amma ya zauna bisa turmi ya ce, “Inna, mutum nawa sunka ci tuwon gidan nan daminar bana?”

Na kalli akushi. Guda nake wankewa.

Na ce, “Ni kaɗai ce.”

Ya dubi ɗakuna huɗu da ciyawa ta tsiro a ƙofofinsu, ya miƙe ya koma gidajen da ya wuce. Wannan karo bai tambayi kowa ba, murhu yake dubawa, wanda ke da toka da wanda gizo-gizo ya saƙa. A gidan Biba an faɗa masa sha huɗu. Ya rubuta uku.

An gina rijiyar a bakin hanya. Can mutane sunka riga sunka sauka saboda mota, yanzu kuma ruwa ya ƙara kiran wasu. Gida biyar sunka tashi daga nan tun girbi. An ce har lakwal za a yi masu. Malamin masallaci ya ce mini ko da ban yi magana ba, mutumin yana da ido. Wataƙila. Amma a bakina ya fara ji.

Babu wanda ya zage ni. Da ma sun zaga. In na iso rijiya sai hira ta mutu, a amsa sallama a gajarce, a matsa mini wuri fiye da yadda nake bukata. Sale ya aiko mini da baki ta wani mai mota: “A ce wa Inna na ji ta fidda sunana daga gida. Tunda haka ne ta taho Yamai, nan akwai famfo.” Wannan ya fi komi ciwo. Ban fidda shi ba, Inna. Duk Juma'a nake share ɗakinsa. Tambayar tuwo anka yi mini.

Ban tafi ba tukuna. In na tafi, wa zai riƙa gyara ƙayar da ke kan kabarinki da na Malam? Kuma in anka sake zuwa ƙidaya, ina so a tarar da ko murhu guda da wuta.

Na juya abin nan a zuciyata har na gaji. Ke kin yi rantsuwar ƙarya kinka tsirar da mutum guda. Ni na faɗi gaskiya, tsofaffi suna jan laka. Ban san wadda za ta fi sauƙin hisabi tsakaninmu ba. Da kina kusa da na aza kai a cinyarki kin gaya mini, ko da faɗa ne.

Shekaranjiya Biba ta tashi daga garin, ita da surukarta da jikanta. Wata huɗu ba ta yi mini magana ba, kuma ba ta shigo sallama ba. Da na fito da safe sai na tarar da igiyarta da guganta a ƙofar gida, an naɗe su tsaf. Igiyarta ta fi tawa tsawo da gaba biyu, ita kaɗai ke kaiwa ga ruwa yanzu. Ban sani ba ko yafewa ce ko gori. Na dai ɗauka, da ita na ja ruwan alwalar yau.

Allah shi gafarta miki, Innata, shi haskaka kabarinki, shi karɓi azuminki uku. Allah shi kai Biba lafiya, shi shayar da mutanen bakin hanya da albarka, shi komo mini da Hamidu ko labarinsa. In na yi kuskure Allah shi yafe mini, shi sa waɗanda na ja wa ƙishirwa su yafe. Amin.

Ɗiyarki da ta rage a gida,
Hawa'u